"Da Sauƙi" Ba Rahoton Lafiya Ba Ne

Duk Bahaushen da aka tambaya, "Ya jiki?" amsarsa guda ce: "Da sauƙi." Haka zai faɗa ko da ciwon ya kai shi gargara. Wannan ladabi ne da tawakkali, kuma ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe shi ta wuce gado na gaba ba ta duba majinyaci ba tukuna.

A ɗauki misalin yarinya mai cikin fari da aka kawo asibiti daga unguwar Takur ta Dutse. Tun a gida an hore ta cewa raki wajen haihuwa abin gori ne. Ga kunyar ɗan fari, ga uwar miji tsaye a kanta. Ba za ta ce jini na zuba ba. Iyakarta ta cije leɓe ta juya wa bango fuska. Nas mai hankali takan lura, ta ce, "Iya, ɗan ba mu wuri," sa'an nan ta sassauta murya ta yi tambaya. Wadda ta daka tsawa kuwa ta rasa bayanin da babu na'urar da za ta ba ta. Abin bai tsaya nan ba, gama yarinyar za ta kai labari unguwa, wata kuma ta ƙi zuwa sai naƙuda ta kwana biyu. Irin wannan doguwar naƙuda ce ke haddasa yoyon fitsari, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke ɗinkinsa a asibitin Jahun tun 2008.

Turawa sun yayata wannan baiwa, watau fahimtar halin zuciyarka da ta waninka, bayan littafin Daniel Goleman na 1995. Alhali kuwa tun 1974 Kirk-Greene ya lissafa haƙuri da hankali da mutunci cikin siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa.

Gaskiya ne nas ɗaya mai kwana kan gadaje barkatai haƙurinta na iya ƙarewa, kuma wa'azi ba ya ƙara ma'aikata. Wannan alhakin gwamnati ne. Duk da haka, sauraron abin da ba a faɗa ba koyonsa ake yi. Kamata ya yi makarantu irin su Kwalejin Jinya ta Birnin Kudu su jarraba ɗalibi a kansa kamar yadda ake jarraba shi kan allura. Sashen Hausa ma yana da aiki a nan: ya tattaro musu sakayen da majinyata ke yi, irin su "sanyi", da "ba na salla", da "ciwon mara", domin akwai nas da yawa da ba a cikin Hausa suka tashi ba.