Harshen maƙwabci: Abin da kasuwar Sabon Gari ta riga makaranta koyarwa

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyar da ɗaliban firamare da harshen uwa, wadda gwamnatin Buhari ta amince da ita a 2022. Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne kan Ingilishi da harshen gida. Ba a cika jin mai tambayar makomar harshe na uku ba, wato na maƙwabci, alhali a ƙaramar hukumar Fagge shi ne abin da zaman lafiya da ciniki suka rataya a kai.

Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe Sabon Gari wajen 1913 domin baƙi 'yan Kudu. Tsakaninta da Fagge aka gwabza rikicin watan Mayun 1953. Amma a wannan yanki ne kuma ake da Kantin Kwari da Singa da kasuwar Abubakar Rimi, inda Bahaushe da Ibo da Bayarabe ke hada-hada kullum.

Tun tuni Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ƙarfafa cewa yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku ban da nasa. Ƙarancin malamai ya bar wannan buri a takarda. Kasuwa ce ta cike giɓin. Yaron shago da ya zo daga Anambra kan iya tayi da sallamawa da Hausa cikin 'yan watanni, domin yana jin kalmar, yana ganin hajar, yana kallon fuskar mai saye, da dare kuma ga saƙon murya na WhatsApp. Wannan shi ne abin da masana koyar da harshe ke nufi da haɗa sauti da hoto da motsin jiki a darasi guda.

Sai dai koyon na tafiya ne ɓangare ɗaya. Baƙo na koyon Hausa don dole, ɗan gari kuwa da wuya ya wuce gaisuwa da Yarbanci ko Ibo. Hausar kasuwa kuma ta farashi ce. Ba ta bayyana wa baƙo dalilin doguwar gaisuwa kafin a shiga magana ba, ba ta kuma sanar da ɗan gari cewa ɗaga murya a ciniki ba lallai ne ya zama raini ba. Daga irin wannan rashin fahimta ƙaramar gardama kan rikiɗe ta ƙabilanci.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Shirin Daɗin Kowa na Arewa24, mai nuna zaman ƙabilu a gari guda, zai iya zama abin tattaunawa a aji, haka ma shirye-shiryen Wazobia FM. Makarantun gwamnati a Fagge da na kuɗi a Sabon Gari suna iya musayar ɗalibai a ƙafa, ba sai an nemi mota ba. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Ilimi ta jiha ta ware wa wannan sa'a guda a jadawalin mako, ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su biya malaman, tunda su ke fara asara duk ranar da aka rufe shaguna.