Ƙahon Barewa Ba Kauci Ba Ne

Mutane da yawa da sun ga tsiro a jikin itace sai su ce kauci ne, su ɗauko adda. Wannan rashin adalci ne ga tsiron da Turawa ke kira ƙahon barewa saboda siffar ganyensa. Kauci yana tsotse ruwan jikin itace har ya raunana shi. Wannan kuwa mazauni kawai yake nema, abincinsa ruwan sama ne da busasshen ganyen da yake tarewa. Irinsa kusan 18 ne a duniya, wasu suna kurmin kudancin Nijeriya.

A ganinmu, ya kamata kowane aji ya reni guda. Ba ya bukatar tukunya ko ƙasa. A sami allo, a shimfiɗa ɓawon kwakwa, a ɗaure tsiron a kai, a rataye a baranda inda akwai haske amma rana ba ta dukansa. A tsoma shi cikin bokitin ruwa sau ɗaya a mako, da hunturu sau biyu. Kada a cire ganyen gindi don ya bushe, shi ke kare saiwa.

Amma ɗalibai, kada ku kwashe na daji. Ku roƙi mai shi ɗan ƙaramin da ya tsiro gefen uwa, ku raina da haƙuri.