Arhar Ƙwadago Ba Za Ta Jawo Mana Masana'anta Ba

Duk lokacin da ma'aikata suka tayar da batun ƙarin albashi, ba a rasa wani mai babbar riga da zai miƙe ya yi mana huɗubar haƙuri. Hujjarsa ɗaya ce, har mun haddace ta: wai arhar ƙwadago ita ce jarinmu, idan muka bar albashi a ƙasa, masu ƙera kayan lantarki za su baro China su kafa masana'antu a nan, 'ya'yanmu su samu aiki. Wannan zance ya tsufa, kuma abin da ya tsufar da shi yana cikin aljihun mai faɗarsa.

A buɗe kowace waya, za a tarar da ɗan allon da masu gyara suke kira fanel. Shi ne gadon bayan rediyo da talabijin da kwamfuta. Da zaren gilashi ake yin sa, a lulluɓe shi da jan ƙarfe, sannan sinadari ya cinye inda ba a bukata, ya bar siraran hanyoyin da wuta za ta bi. A kan waɗannan hanyoyi ake dasa ɗaruruwan ƙananan sassa, wasunsu tsawonsu milimita 0.4, faɗinsu 0.2, wato ƙwayar gero ma ta fi su girma nesa ba kusa ba. A da, lokacin da sassan suke da girma, mata da matasa ne suke zama a jere suna cusa ƙafafunsu cikin hudoji da hannu. Yanzu na'ura ce take shafa kullun kuza a kan allon ta cikin wani faranti mai hudoji. Daga nan mutum-mutumin masana'anta, wanda ba shi da kai balle fuska, sai dai ɗan baki mai zuƙar iska, ya tsinci kowane sashe, kyamara ta duba zamansa, ya dire shi a gurbinsa. Yana dire dubun-dubata cikin awa ɗaya. Allon ya ratsa tanderu mai zafin da ya kusa digiri 250, kuzar ta narke ta riƙe komai, wata kyamarar kuma ta bi tana neman kuskure.

To, ina hannu mai arha zai shiga a nan? Ko kyauta mutum zai yi aikin, idonsa da yatsunsa ba za su iya ba.

Kamfanin Foxconn na Taiwan, mai harhaɗa wa Apple wayoyi, shi ne wanda ya fi kowa sanin daɗin ƙwadago mai arha. Duk da haka, a 2011 shugabansa Terry Gou ya ce zai girke mutum-mutumi miliyan ɗaya cikin shekara uku. Bai cika alkawarin a kan lokaci ba, amma alƙiblar ba ta sauya ba. A 2016 wani jami'in birnin Kunshan ya shaida wa 'yan jarida cewa wata masana'antar kamfanin ta rage ma'aikatanta daga 110,000 zuwa 50,000. A shekarun nan, kusan rabin mutum-mutumin masana'antu da ake girkawa a duniya duk shekara a China ake girka su. Ƙasar da ake ce mana za mu gaji aikin hannunta, ita da kanta take miƙa aikin ga inji.

Za a ce, ai Samsung ya koma Biyetnam, Foxconn kuma ya buɗe a jihar Tamil Nadu ta Indiya, kuma har gobe akwai matakin ƙarshe na harhaɗa waya da hannu ake yi. Gaskiya ne, kuma albashi yana cikin lissafinsu. Amma da arha kaɗai suke nema, da tuni sun yi cincirindo a ƙofarmu: mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024, naira 70,000, a lokacin bai kai dala 50 ba. Abin da suka tarar a Biyetnam shi ne wutar da masana'anta za ta dogara da ita, da tashar jiragen ruwa, da maƙwabtaka da masu ƙera sassa, da kuma matasan da suka iya karatu da lissafi. A jarrabawar PISA ta 2012, yaran Biyetnam 'yan shekara 15 sun fi na Amurka da na Birtaniya maki a lissafi. Wanda zai saita na'urar nan, ya karanta abin da ta rubuto, ya gane bambancin 0.4 da 0.04, a ajin firamare aka fara gina shi, ba a ƙofar masana'anta ba.

Kada a ɗauka muna yi wa injin kirari. Mutum dubu sittin ɗin Kunshan ba lambobi ba ne, kowannensu yana da bakunan da yake ciyarwa, kuma tambayar wa zai ci ribar da injin ya samar tambaya ce da ma'aikata a ko'ina suke da haƙƙin yi. Sai dai Koriya ta Kudu tana da mutum-mutumi kimanin 1,000 ga kowane ma'aikacin masana'anta 10,000, fiye da kowace ƙasa, kuma ba ta hanyar talauta ma'aikatanta take riƙe masana'antunta ba.

Mu da muka ga yadda masaƙun Kakuri da masana'antun Sharada da Bompai suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, mun san ba tsadar lebura ce ta kashe su ba. Rashin wuta ne da kwararowar kayan waje. Tanderun da dole zafinsa ya bi ƙa'ida daƙiƙa bayan daƙiƙa ba zai jure ɗauke wuta sau biyar a yini ba. Har kuzar da ake liƙa sassan da ita muna da irinta a Filato, amma ɗanya muke sayarwa, ta dawo mana a cikin waya da tsada.

Saboda haka idan mai huɗubar ya sake miƙewa a teburin tattaunawa, wakilanmu su tambaye shi awa nawa aka samu wuta jiya a Sharada, kuma yara nawa ne a aji shida na mazaɓarsa za su iya auna milimita da rula.