A duba bango kafin a yi masa magani

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. Wani zai ce da ginin dutse ne da bai faɗi ba. Wannan zance akwai gyara cikinsa, domin gine-ginen dutse da kakanninmu suka bari su ma zubewa suke yi.

Ga Asode, tsohon birnin Abzin, wanda ya zama kufai bayan yaƙin Kawusan na 1917. Ga Jado, can arewacin Kawar, inda aka yi gini da dutse da laka mai gishiri. Dutse kansa yana daɗewa, amma lakar da ke riƙe da shi ita ce ke fara mutuwa. Ruwa ya wanke ta daga sama, laima ta taso daga ƙasa, gishiri ya bushe cikin bango ya farfasa shi, saiwar itace ta bi tsaga ta buɗe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka muna jan hankalin ma'aikata da shugabannin jihohi: kada a yi gaggawar lafta siminti. Siminti ya fi laka tauri, yana tsare laima cikin bango, ciki na ruɓewa waje na sheƙi. Likita ba ya ba da magani sai ya duba marar lafiya. A fara sanin irin dutsen da irin lakar, a auna kowace tsaga, a ɗauki hoto, a gano ta inda ruwa ke shiga, a koma bayan damina a ga ko tsagar ta ƙaru. Sannan a gyara da irin kayan da aka yi ginin farko.

Dokar 30 ga Yuni 1997 ta ɗora wa hukuma kare kayan tarihi. Muna da masana a cibiyar bincike ta IRSH nan Yamai, muna da tsofaffin magina a garuruwanmu. A haɗa su, a ba su mota da guzuri. Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci, alƙalami na hannunku: ku rubuta halin da ganuwar garinku take ciki, ku kai wa magajin gari, ku kuma hana kwasar duwatsunta don ginin gida.