Wa Zai Gaji Ernest Okonkwo da Hausa?

Shekarar da aka kafa Kano Pillars, wato 1990, ita ce shekarar da Ernest Okonkwo ya rasu, ranar 7 ga Agusta. Samarin da ke cika gidajen kallo a Dambatta da Bichi yau ba su san sunan ba, kuma ba laifinsu ba ne. Amma wanda ya ba hamsin baya, ya kuma taɓa kara kunne jikin rediyo ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙasa, Green Eagles, ke wasa, ya san muryar ko da bai riƙe sunan mai ita ba. Mutumin Nando ne a ƙasar Anambra. Ya kama aiki a gidan rediyon ƙasa a 1957, ya je Ostareliya ƙaro sani, ya dawo ya ci gaba da aikinsa har rai ya yi halinsa. Shekara 33 a sana'a ɗaya.

Da Turanci yake sharhi, amma hakan bai hana muryarsa isa ƙauyukanmu ba. Ranar 22 ga Maris 1980, da Najeriya ta ci Aljeriya uku da nema a Legas ta ɗauki kofin Afirka karon farko, nan arewacin Kano bazara ake, ana sharar gona, jakuna na jigilar taki a mangala. Mutum nawa ke da talabijin a Makoda ko Kunchi ko Tsanyawa a lokacin? Da kunne aka ga Segun Odegbami ya ci biyu, da kunne aka ga Muda Lawal ya ƙara ta uku, da kunne aka ga Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofi. Malamin firamare ko ɗan sakandare ya zauna kusa da akwatin yana fassara wa jama'a, amma idan ƙwallo ta doshi raga ba a jiran tafinta, hawan muryar kaɗai ya isa. Hatta a birane, masu talabijin sukan kashe sautinta su kunna rediyo, ido na kan hoto, kunne na wurin Okonkwo.

Abin da ya fi shahara da shi raɗa wa 'yan wasa suna. Chukwu ya zama Chairman, Odegbami ya zama Mathematical, Adokiye Amiesimaka da ke karatun lauya ya zama Chief Justice, mai tsaron gida Emmanuel Okala, saboda tsayinsa, ya zama Man Mountain. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin wannan kirari ne tsantsa. Shago ɗan dambe ne na gaske, amma da ba don waƙar Ɗan Anace ba, da wuya jikokin waɗanda suka kalli dambensa su san da shi. Haka waɗannan sunaye suka yi: mutanen sun daina taka leda shekaru da dama, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, amma laƙabin na nan. Kuma kirari irin wannan ba ya zuwa a rana ɗaya. Sai ka kalli mutum wasa bayan wasa, ka san ƙafar da ya fi so da halinsa idan aka matsa masa, kafin ka samo kalmar da za ta zauna masa daram.

Akwai ranar baƙin ciki ma. A watan Nuwamban 1977, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya da Tunisiya a Legas, Godwin Odiye ya sa kai ya jefa ƙwallo a ragar gida, mafarkin zuwa Ajantina ya rushe. Okonkwo ya shaida wa ƙasa cewa Najeriya ta ci Najeriya. Babu zagi a maganar, gaskiyar abin da ya faru ce da zafinta, amma ta bi Odiye tsawon shekaru. Duk mai sha'awar wannan aiki ya kamata ya tsaya a kan wannan rana ya yi tunani, don ya san nauyin abin da ke fita daga bakinsa idan miliyoyin mutane ba su da wani ido sai nasa.

To mu fa? Hausa ba ta makara a rediyo ba. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Bello Dandago ke karanta labarai da Hausa daga Ankara ta ƙasar Gana, shi ya sa gidan Rediyon Kano ke ɗauke da sunansa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ta zo a 1962, Freedom mai zaman kanta ta buɗe a Kano a 2003. Masu iya magana kan ƙwallo ma muna da su. Wanda ya saurari Mamman Skipper a BBC ko Abubakar Isa Dandago yana sharhi ya san harshen nan na iya gudu kafaɗa da kafaɗa da ƙwallo, ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Damuwata ita ce inda mafi yawan wannan baiwa ke tafiya. Turai take tafiya. Yaro a Minjibir zai lissafa maka 'yan benci na Real Madrid, amma ka ce ya kawo sha ɗayan farko na Pillars, sai ya fara sosa ƙeya. Alhali wannan ƙungiya ta ɗauki gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida a gasar ƙasa ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. A nan Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin Turai ta san shi. Rabi'u Ali ya ba ƙungiyar nan shekaru masu yawa na rayuwarsa, amma laƙabin da aka fi saninsa da shi, Pele, aro ne daga Brazil. Mutumin da ya yi wannan hidima ya cancanci kirarin da aka ƙera a Kano.

Wani zai ce zamanin rediyo ya wuce. Wanda ya faɗi haka bai san ƙasar nan ba. Daga Ungogo zuwa Dambatta gona jikin gona take, mutane kuma hannunsu a cikin aiki yake. Ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, lokacin da ake take wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wani na ban ruwan tumatir a Watari, wani na gadin albasa a Tomas, wani na kan hanyar dawowa daga kasuwar Dambatta. Gidan kallo sai da kuɗin shiga, sai an sami man janareta, kuma ba wurin dattijo ba ne, balle matan gida. Data tana da tsada. Amma ƙaramar wayar da ke aljihun kowa tana kama FM kyauta, akwatin rediyo kuma batir biyu ya ishe shi.

Saboda haka abin da nake nema a wurin tashoshin Kano da hukumar Pillars shi ne su ɗauki sharhin ƙwallo a matsayin sana'ar da mutum zai tsufa a cikinta. A ɗauki mai sharhi aiki na dindindin da albashin da zai riƙe iyali, don kada ya dogara da alherin shugaban ƙungiya ko tallan 'yan caca, domin wanda ke cin tuwon wani ba zai iya faɗin laifinsa ba. A tura shi Aba da Inugu da Ibadan ya ga wasa da idonsa. A haɗa shi da yaran da za su koya, su fara daga gasar ƙananan hukumomi da ake yi a filayen firamare, inda za su san 'yan wasa tun suna buga ƙwallo ba takalmi. A kuma koya musu cewa son Masu Gida, wato Pillars, ba ya nufin ɗora wa alƙalin wasa kowace asara. Mun ga rikicin da ya faru a wasan Pillars da Katsina United a 2022, mun ga hukuncin da ya biyo baya, kuma a shekarar ce Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa. Muryar da jama'a suka amince da ita tana iya kwantar da irin wannan wuta tun kafin ta kama.

Sai kuma ajiya. Rediyon Kano da Rediyon Kaduna su buɗe ma'ajiyarsu, su fito da duk faifan wasa da ya rage, tun daga zamanin Raccah Rovers da ta ɗauki gasar ƙasa a 1978, su juye shi a kwamfuta kafin zafi da ƙura su cinye shi. Tsangayar sadarwa ta Jami'ar Bayero tana da ɗalibai da kayan aikin da za su iya wannan, kuma tsofaffin ma'aikatan da za su gane muryoyin da ke cikin faifan suna nan da ransu a unguwannin Kano da Kaduna.