A Rubuta Doka Tun Ba A San Wanda Za Ta Hau Ba

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo a Zango ko Sabon Gari a nan Damagaram ya san abin da ke faruwa ranar da labari ya ɓulla cewa ana zargin wani shahararren ɗan wasa da yi wa mace fyaɗe ko lakaɗa wa matarsa duka. Kafin a busa usur ɗin farko benci ya rabu biyu. Masu sanye da rigar ƙungiyarsa suna rantsuwa cewa sharri ne, kuɗinsa ake hari. Magoya bayan abokan hamayya kuwa sun riga sun yanke masa hukunci tun kafin ɗan sanda ya buɗe littafi. Wannan hali a wurin 'yan kallo abin a yi wa uzuri ne, domin so ne ke magana. Abin da ba shi da uzuri shi ne su kansu masu tafiyar da manyan gasannin duniya haka suke yi, suna duba rigar mutum da darajar ƙafarsa kafin su san matakin da za su ɗauka. Ra'ayin wannan jarida shi ne hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu, FENIFOOT, da reshenta na jihar Damagaram su guje wa wannan rami, su rubuta ƙa'ida ɗaya tun yanzu, tun ba a san kan wanda za ta hau ba.

Hukumomin ƙwallo sun iya hukunci in sun so, kuma mu 'yan Nijar mun ga haka a kan ɗan ƙasarmu. A ranar 1 ga Yuni 2011, a Abuja, Ibrahim Chaibou ya yi alƙalancin wasan sada zumunta tsakanin Najeriya da Ajantina. Najeriya na gaba da ci huɗu da nema, aka ɗaga allo cewa an ƙara minti biyar, amma wasa ya yi ta tafiya har wajen minti na 98, sannan alƙali ya nuna bugun daga kai sai mai tsaron gida bisa cewa ƙwallo ta taɓa hannun ɗan bayan Najeriya, alhali hoton bidiyo ya nuna ƙafarsa ta buga. Aka tashi huɗu da ɗaya, kamfanonin caca kuma suka ce sun ga kuɗi na kwarara kan cewa sai an ci ƙwallo ta biyar. A watan Janairu 2019 FIFA ta haramta masa shiga harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa saboda karɓar cin hanci, ta kuma ci shi tarar kuɗin Suwizalan 200,000. Ba ta jira wata kotun ƙasa ta ɗaure shi ba. Haka a Bauchi a watan Yuli 2013, lokacin da Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Bubayaro 67 da nema a rana guda, don neman hayewa gaba da yawan ƙwallaye: cikin makonni kaɗan hukumar ƙwallon Najeriya ta kori 'yan wasan da jami'an da abin ya shafa har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. A Ingila Ivan Toney ya sha dakatarwar wata takwas a 2023 saboda karya dokar caca sau 232, Sandro Tonali kuma wata goma daga hukumar Italiya a shekarar. A duk waɗannan akwai doka a rubuce da kwamitin da ke sauraro, akwai kuma ma'aunin hukunci da hanyar ɗaukaka ƙara.

To amma in laifin da ake zargi bai shafi sakamakon wasa ba, ya shafi jikin wata mace ko wata yarinya, sai a nemi wannan tsari a rasa. A gasar Firimiya ta Ingila, wadda ta fi kowace gasa kuɗi da 'yan kallo a garuruwanmu, an bar wa kowane kulob ya yi yadda ya ga dama, kuma abin da ya biyo baya ya isa darasi. An kama Adam Johnson na Sunderland a watan Maris 2015 kan zargin lalata da yarinya 'yar shekara 15. Kulob ɗin ya dakatar da shi kamar mako biyu, sannan ya mayar da shi fili a daidai lokacin da yake fafutikar kada ya faɗi daga gasar, ya ci gaba da wasa har Fabrairu 2016 da ya amsa wani ɓangare na laifin a gaban alƙali. An ɗaure shi shekara shida, shugabar gudanarwar kulob ɗin kuma ta ajiye aiki cikin kunya. Manchester City ta dakatar da Benjamin Mendy a Agusta 2021, ta kuma tsayar da albashinsa. Kotu ta wanke shi a 2023, a Nuwamba 2024 kuma kotun ma'aikata ta ce a biya shi mafi yawan kimanin fam miliyan 11 da ya nema. Manchester United ta dakatar da Mason Greenwood a Janairu 2022, masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar a Fabrairu 2023, kulob ɗin ya shafe wata shida yana binciken kansa da kansa kafin ya rabu da shi. Thomas Partey na Ghana kuwa ya ci gaba da buga wa Arsenal wasa duk tsawon shekarun da 'yan sanda ke bincike, aka tuhume shi a hukumance a watan Yuli 2025, kwanaki kaɗan bayan ƙarewar kwantiraginsa, ya koma Villarreal, ya kuma musanta dukkan tuhumar a gaban kotu. Mutum huɗu ke nan a gasa guda, kowanne an bi da shi ta hanya dabam.

Ba mu kawo waɗannan sunaye don mu ce wane mai laifi ne, wane mai gaskiya ba. Wannan aikin kotu ne, kuma ta wanke wanda ta wanke. Mun kawo su ne don a ga inda ɓarakar take. Kulob ya sayi ɗan wasa da miliyoyi, yana fatan sayar da shi da riba, mai horarwa kuma kujerarsa na rawa duk ranar da aka sha kashi. In aka ce wa irin wannan kulob ya yanke shawarar ko ɗan wasansa zai shiga fili, an ba kura ajiyar nama. Matashin da ke zaman benci za a sallame shi washegari don a nuna wa duniya ana da tarbiyya, mai cin ƙwallaye kuwa sai a tuna cewa ba a tabbatar da laifinsa ba. In kuma aka ga kulob ya canza shawara, galibi kamfanonin da ke talla a rigarsa ne suka yi barazanar janyewa, kamar yadda ta faru a Santos ta Brazil a 2020, inda aka jingine kwantiragin Robinho bayan masu tallafi sun tayar da ƙura, ko da yake tun 2017 wata kotun Italiya ta yanke masa shekara tara. Adalcin da ke jiran mai talla ya fusata ba abin dogaro ba ne, balle a ƙasa irin tamu da masu tallar ba su da yawa.

Akwai waɗanda suka gwada wata hanya. Gasar zari-ruga ta ƙasar Ostareliya ta kafa doka a 2019 cewa duk ɗan wasan da aka tuhuma a hukumance da laifin da hukuncinsa ke iya kai shekara 11 ko fiye a kurkuku, zai daina shiga fili har shari'a ta ƙare, amma albashinsa na tafiya, yana kuma atisaye da 'yan uwansa, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa wannan mataki ba ya nufin an same shi da laifi. Irin wannan muke ganin ya dace da mu, da gyaran da ya dace da halinmu. Jita-jitar fada ko saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ba za su isa a taɓa kowa ba. Amma daga ranar da alƙali mai bincike ya tuhumi ɗan wasa, ko mai horarwa, ko shugaban ƙungiya, da fyaɗe ko lalata da yaro ko mummunan rauni, sai ya koma gefe, haƙƙinsa na kuɗi bai yanke ba, a kuma sake duba lamarin bayan wa'adin da aka ƙayyade.

Za a ce mana, kuma da gaskiya, wanda ake zargi ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, addininmu kuma ya tsananta a kan ƙazafi, tun zamanin alƙalan fadar Damagaram mai ƙara shi ke kawo shaida. Za a nuna mana Mendy da aka wanke bayan shekara biyu ba ya wasa, da Dani Alves da wata kotun Sifaniya ta ɗaure a 2024 sannan kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a Maris 2025, da ma Jack de Belin, wanda dokar Ostareliyar ta fara hawa kansa, ya rasa fiye da kaka biyu na wasa, daga baya aka bar tuhumar ba a same shi da laifi ba. Rayuwar ɗan ƙwallo a fili gajera ce, shekara biyu a cikinta ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba za mu yi kamar ba mu ga wannan asara ba. Amsarmu ita ce dakatarwa da albashi ba ɗauri ba ce. Malamin makarantar da aka tuhuma da taɓa ɗalibarsa, babu uban da zai yarda ya ci gaba da shiga aji har a gama shari'a, kuma babu mai cewa an zalunce shi don an ce ya jira a gida. Ɗan wasan da yara ke rubuta sunansa a bayan riga, filin wasa shi ne ajinsa. Sannan in aka duba da kyau, abin da ya fi cutar da Mendy shi ne rashin doka: kulob ya yanke masa albashi da ra'ayin kansa, sai da ya je kotu ya ƙwato. Rubutacciyar ƙa'ida tana kare wanda ake zargi daga fushin shugaban ƙungiya kamar yadda take kare mai ƙara daga son ransa. Jinkirin shari'a kuwa, wanda shi ne ainihin abin tsoro a wurinmu, maganinsa wa'adi: kwamiti ya zauna duk bayan wata uku ko shida, ya duba ko har yanzu akwai dalilin ci gaba da dakatarwar.

Hujja ta biyu ta fi kusa da gida, ita ce a ce mu muna da hanyarmu ta sulhu, ba sai an tona asirin kowa ba. Kowa ya san yadda ake yi. Bayan sallar isha'i dattawa biyu ko uku su yi sallama a zauren uban yarinya, a shimfiɗa tabarma, a daɗe ana gaisawa, sannan ɗaya ya ce, “Malam, haƙuri muka zo ba ka. Yaron nan naka ne, kuma kai ma ka san abin da ake kira rufin asiri.” A ajiye ɗan abin da aka zo da shi a gefen tabarma, a shafa fatiha, a tashi. Yarinyar da aka yi zaman dominta tana cikin ɗaki, ba wanda ya tambaye ta ko da kalma ɗaya. Muna girmama sulhu, kuma dokar ƙasa ta ba sarakunanmu, daga Mai Martaba Sultan har masu unguwa, ikon sasanta mutane a rikicin gona da aure da bashi da gado. Amma wannan iko bai kai ga manyan laifuka ba, fyaɗe kuwa yana cikinsu. Asirin da ya wajaba a rufa na yarinyar ne: kada sunanta ya fita, kada a bi ta da zagi a unguwa, kada magoya bayan ƙungiya su mai da ita abokiyar gaba. Dokar da muke nema dole ta hukunta duk jami'in ƙungiyar da ya je gidan mai ƙara don a janye magana, ko ya aika a je.

Akwai kuma wani dalili da ya sa bai kamata a bar wa ƙungiyoyi wannan hukunci a Nijar ba. Dubi jerin ƙungiyoyin da suka saba buga babbar gasar ƙasa: AS FAN ta sojoji ce, AS GNN ta askarawan Garde Nationale, USGN ta jandarmomi, ga AS Police, ga AS Douanes ta kwastan, ga na kamfanonin gwamnati irin su Nigelec da SONIDEP. Ba mu zargi ko ɗaya daga cikinsu da komai ba. Amma a yi tunanin 'yar talaka daga Kara-Kara ko wani ƙauyen Damagaram Takaya da za a ce ta kai kukan ɗan wasa wurin hukumar da ita ce mai ƙungiyar da yake bugawa. Ko da kowa a ofishin nan waliyyi ne, ƙafarta ba za ta iya taka ƙofar ba. Haka ma ƙungiyar gari irin Espoir, wadda ta daɗe tana ɗauke da sunan Damagaram a gasar ƙasa: shugabanninta da 'yan wasanta da masu ƙara duk 'yan gari ɗaya ne, ana haɗuwa a masallaci da wurin suna, kunya kaɗai ta isa ta kashe magana. Shi ya sa ake bukatar kwamiti mai zaman kansa, da tsohon alƙali a kansa, da mata a cikinsa, wanda ba ya cin albashin kowace ƙungiya. Masu cewa babu kuɗin wannan su tuna cewa FIFA tana ba kowace hukumar ƙasa tallafin gudanarwa duk shekara, kuma tun 2019 ta fito da shirin kare yara a harkar ƙwallo, ta nemi mambobinta su yi aiki da shi. Zaman mutum biyar da lambar waya guda da za a iya kira a asirce ba su kai kuɗin tafiyar wasa ɗaya zuwa Arlit ba.

Muna kira ga FENIFOOT ta sa wannan batu a ajandar babban taronta na gaba, reshen jihar Damagaram kuma ya zama shi ne mai gabatar da shi, tare da shawarar alƙalai da malamai da ƙungiyoyin mata da su 'yan wasan kansu. A rubuta ƙa'idar da Faransanci da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a karanta wa kowane ɗan wasa ita kafin ya sa hannu a lasisinsa, a kuma liƙa ta a ƙofar kowane filin wasa daga Yamai har Diffa.