Aibin Da Ke Ƙarƙashin Sabon Fenti: Cinikin Gida a Tamale

A Tamale, gidan da za a sayar akan yi masa kwalliya tukuna. Mai gida ya kira mai fenti, a kankare ƙofofi da tagogi, a goge ƙarafan taga da samfefa, a shafa sabon launi, sannan a sanar da dillalai. Mai saye kuwa tambayoyinsa sanannu ne: daga wane sarki takardar filin ta fito, an yi mata rajista a Hukumar Filaye ko ba a yi ba, shekara nawa suka rage a wa'adin filin, akwai rigimar gado, ruwan famfo yana zuwa unguwar, rufi yana yoyo? Duk tambayoyi ne na mai hankali. Sai dai akwai guda ɗaya da ba ta shiga jerin, wato ko fentin da ke jikin gidan yana ɗauke da dalma. Wanda ya san amsar, ko yake da dalilin zato mai ƙarfi, wajibi ne a kansa ya faɗa kafin a yanke farashi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Dalma ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. A shekarar 2010 ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega suka shiga bakin duniya, bayan da ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta halaka yara aƙalla 400. Wancan bala'i ya zo da suma da farfaɗiya da gawawwaki, shi ya sa kowa ya gan shi. Dalmar fenti ba ta da irin wannan hayaniya. Masu haɗa fentin mai sukan zuba ta don launi ya yi haske, musamman rawaya da ja da ruwan lemo da kore, ko don fenti ya bushe da wuri, ko don ƙarfe ya jure tsatsa. Muddin fentin yana manne lafiya, haɗarinsa kaɗan ne. Idan ya tsufa ya fara ɓarewa, ko ƙofa ta riƙa gogar madogararta safe da yamma, sai ya koma gari, ya haɗu da ƙurar hunturu a ƙasan ɗaki. Yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma fiye da na babba ninki huɗu zuwa biyar, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa mai tasowa ba ta gyaruwa. Sau da yawa ba zazzaɓi, ba kuka. Sai bayan shekaru a ga yaro ya kasa riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa babu wani mizanin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma a ƙa'idojinta na 2021 ta ce idan ya kai maikirogiram 5 a kowace desilita, lallai a nemo tushensa a kawar. Binciken da Hukumar Lafiya ta Ghana ta yi tare da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2023, ya gwada yara sama da 3,000 a wasu zaɓaɓɓun yankuna na Accra da Ashanti da Jihar Arewa, aka sami fiye da rabinsu sun kai wannan mizani. Adalci ne a faɗi cewa a Arewa abin da binciken ya fi nuna wa yatsa shi ne kwallin da ake sa wa jarirai a ido, wanda a can ake kira chilo. Wannan ba ya wanke fenti. Jini ba ya tambayar ta ina dalma ta shigo. Yaron da ya riga ya ɗauki kaso daga kwalli, ƙurar bango ƙari ce a kan kayan da suka riga suka yi masa nauyi.

Amurka ce aka fi kafa misali da ita a wannan batu. A 1978 ta haramta fenti mai dalma a gidajen zama, a 1992 majalisarta ta yi dokar da ta fara aiki a 1996, wadda ta tilasta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya bayyana duk abin da ya sani game da dalma a gidan, ya miƙa takardun gwaji in yana da su, ya kuma ba mai saye kwana goma ya kawo mai bincike. Dokar ba ta ce sai ya gyara ba, ba ta ma ce sai ya yi gwaji ba. Ta dai hana shi yin shiru a kan abin da ya sani.

Amma wanda ya ɗauko wannan tsari ɗungurungum ya kawo Tamale zai yi kuskure, domin ginshiƙinsa shekara ce, mu kuwa a nan shekarar gini ba ta raba gardama. A can tsohon gida ake zargi. A nan lamarin yana iya juyewa. Tsohon gidan ƙasa na cikin Zango, wanda bai taɓa ganin komai ba sai yaɓe da farar ƙasa, ba shi da wannan matsala. Gidan bulo na zamani a Kalpohin ko Vittin ko Sagnarigu, mai ƙofar ƙarfe ja da tagogi masu sheƙi, shi ne abin dubawa. Ko a 2013, binciken da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a kan fentin mai na ƙasashe tara, har da Ghana, ya sami gwangwanayen da dalmarsu ta zarce kashi 90 cikin miliyan, wato iyakar da ƙasashe irin su Kamaru da Habasha suka mayar doka daga baya. Abin da aka shafa a wancan lokaci yana nan a jikin gidaje, kuma gidajen nan ne yau suke fitowa kasuwa.

Mai sayarwa yana iya fakewa da al'adar shari'ar Ingila da Ghana ta gada, wadda ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan tsagewar bango da ruɓaɓɓen rufi, domin gani ya kori ji. Dalma ba ta ganuwa, ba ta da wari, kuma sabon fentin da aka shafa jiya ya rufe ko ɓawon da zai sa mutum ya yi tambaya. Cinikin biri a sama ke nan, ko da mai saye ya zagaya gidan sau bakwai.

Mafi yawan masu ciniki a Tamale ba sa ma buƙatar a je Amurka kafin a samo musu hukunci. Kalmar aibi da ke bakin kowane ɗan kasuwa daga Larabci ta shigo Hausa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa daga Kano har Zangon Kumasi, ta lissafa ɓoye aibin haja cikin abubuwan da aka hana a ciniki. Malaman Malikiyya sun yi wa gida kulawa ta musamman, suka kasa aibinsa uku: ƙarami wanda ba ya canza komai, matsakaici wanda ake rage kuɗi gwargwadonsa, da babba wanda ke ba mai saye damar mayar da gidan. A wane kashi dalma za ta faɗa, wannan aikin malamai ne da masana lafiya su zauna a kai. Abin da ba ya buƙatar zama shi ne cewa wanda ya san aibi ba ya kuɓuta da faɗin "na sayar yadda ka gan shi".

Akwai ƙorafi guda da ya cancanci a saurara. Idan sani ne ke jawo wajibci, to wanda ya kashe kuɗinsa ya yi gwaji shi ne zai yi asara, maƙwabcinsa da bai taɓa tambaya ba ya sayar da nasa da tsada. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Dillali ma, wanda la'adarsa ke hawa da sauka tare da farashi, zai fi son a bar kaza cikin gashinta. Ƙorafin gaskiya ne, kuma shi ya sa bai kamata a ɗora wa mai gida nauyin duka ba. Ba shi ya haɗa fentin ba, gwangwanin da ya saya a kasuwar Aboabo kuma bai gaya masa abin da ke ciki ba. Tsare kasuwar fenti aikin Hukumar Kula da Ingancin Kaya ne da Hukumar Kare Muhalli. Samar da wurin gwaji mai sauƙin kuɗi kuwa abu ne da garin da ke da Asibitin Koyarwa da Jami'ar UDS bai kamata ya rasa ba, ganin cewa akwai na'urar hannu da ke karanta dalmar bango cikin daƙiƙoƙi ba tare da an fasa komai ba. Dokar dillancin gidaje ta 2020 ma ƙofa ce da za a iya bi a sa tambayar fenti cikin takardar da kowane dillali mai lasisi zai cike.

Kafin a kai can, abin da ake nema daga mai sayarwa bai fi ƙarfinsa ba. Ya san inda aka shafa fentin mai da inda aka shafa na ruwa. Ya san shekarar da aka shafa, ya san launin da ke ƙarƙashin sabon, ya san tagar da fentinta yake zuba kafin a rufe shi. Faɗin waɗannan ba ya kashe ciniki, yana iya rage wani abu a farashi, wanda mai saye zai yi gyara da shi.

Sannan ya kula da kwalliyar kanta, domin a nan ne ɓarna ta fi yawa. Goge tsohon fenti da samfefa a bushe, ko ƙona shi da wuta don ya saki, yana mayar da dalmar da ta shekara goma a kwance ta zama ƙurar da ke shiga kowace tsaga ta daɓe. Mai fenti ya shaƙa, ya kai saura gida a rigarsa, iyalin da za su tare kuma su gaji abin da ya rage. In dole sai an kankare, a jiƙa wurin tukuna, a shimfiɗa leda a ƙasa, a fitar da yara da masu juna biyu daga gidan har a gama, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, sannan a ƙulle ɓawon a kai shi inda yara ba sa wasa.